Ludayin 'Yan Tukunya

Ban taɓa mantawa da ranar Lahadin da idona ya fara tsayawa a kan ɗan zanen ludayi a gindin takardar shaida ba. Tsakiyar watan Sha'aban ne, ina cikin shekarata ta shida a ofishin ɗaukar ma'aikata na asibitinmu da ke unguwar Khalidiyya a Madina. Ku da kuka zo bayana kuna yawan tambayata abin da ya sa nake duba kusurwar takarda kafin in karanta abin da ke cikinta. To ga tushen abin.

Ga wanda bai san aikin ba, idan gurbi ya buɗe a asibiti, ni ke haɗa fayil ɗin kowane mai nema: takardar digiri, lasisin aiki da hukuma ta tantance, sai takardun shaida biyu daga waɗanda suka taɓa aiki da shi. Asalin takardun a durowata yake kwana, a kulle. Kwamitin ɗauka, wanda muke kira lajna, mutum uku ne, kuma kwafi kawai nake kai musu. A kan kowane kwafi sai na buga hatimi, na sa hannu cewa daidai yake da asalinsa. Wannan sa hannun shi ne dukkan darajar kujerata.

Ni haifaffiyar Madina ce. Kakata ce ta taso daga Kano, ta sauke farali, ta ƙi komawa. Karatun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koye shi, irin waɗanda alhazai ke mancewa a masaukin da Gwaggona Asabe ke kula da shi kusa da Harami. Shi ya sa duk fayil ɗin da ya fito daga Najeriya, teburina mudir, wato shugaban asibitin, ke turo shi.

Gurbin da ya buɗe a lokacin na mai haɗa magani ne, a sashen da ke ba ɗakin yara magunguna. Bayan tacewa, mutum biyu suka rage. Ɗaya Jamilu, yana Najeriya, ta bidiyo aka yi hira da shi. Ɗayar Suwaiba, Bahaushiyar Sudan, tana zaune a unguwar Sih da mijinta. Takardun shaidar Suwaiba gajeru ne, an ce tana zuwa a kan lokaci, ba ta da abokin faɗa. Na Jamilu kuwa yabo ne har shafi biyu, ɗaya daga wani farfesa, ɗaya daga shugaban sashen da ya yi aiki. Mutum biyu ne daban, garuruwa daban, amma a ƙasan kowace takarda, can a kusurwar hagu, akwai ɗan zanen ludayi da biro, bai kai farce girma ba.

Na san na taɓa ganinsa. Bayan sallar Azahar na shiga ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, na zaro na 'yan Najeriyar da muka ɗauka tun zuwana. A biyar daga ciki na tarar da ludayin. Duka biyar maza ne, jami'a ɗaya suka yi a Arewa, kuma duk a ƙarƙashin shugabancin Dakta Lawal aka ɗauke su. Bambanci ɗaya kawai na gani: a tsofaffin takardun bakin ludayin sama yake kallo, na Jamilu kuwa a kife yake. Na ɗauka hannun mai zane ne, ban mayar da hankali a kai ba.

Dakta Lawal shi ne babban likitan yara kuma shugaban lajna. Dogo ne, mai sanyin murya, furfura ta ɗan taɓa gefen gemunsa, kuma in ya wuce ta baranda ƙamshin turarensa kan jima bai bi shi ba. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin wannan lokaci. Ba zan ɓoye muku ba, duk safiyar da ya tsaya a ƙofar ofishina ya ce, "Ustaza Rabi, an tashi lafiya?" sai in wuni ina juya gaisuwar a raina, ina neman abin da ke bayanta. Washegari da ya zo karɓar jadawalin zama, ya ajiye mukullan motarsa a kan teburina. Ɗan ƙaramin ludayin azurfa ne ke rataye a jikinsu.

A ranar Suwaiba ta zo kawo wata takarda da ta rage. Ta zauna a bakin kujera, ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Ustaza, akwai fata kuwa?" ta ce.

"Lajna ce ke yankewa, ba ni ba."

"Na sani. An dai ce min shugaban lajnar mutanensa yake ɗauka. Na ce bari in kawo takardar, kada a ce ni ce ban cika ba."

Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa Gwaggo. Na ce mata ni dai ina zargin ƙungiyar asiri ce, irin ta jami'o'in can da ake ba da labari, masu rantsuwa da alamomi. Tana tsinke ganyen na'ana'a a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Asiri da ludayi? Ke Rabi, sai dai asirin tuwo. Littattafan nan sun cika miki kai."

"Gwaggo, mutum biyar fa."

"To ki je ki tambayi mai ludayin mana. Ko kina tsoron ya daina gaishe ki?"

Ban tambaye shi ba, kuma ban kai maganar gaban mudir ba, ko da yake nan ne wurinta. Na ce a raina in na kai ƙara ba hujja, ni za a yi wa dariya, in kuma hujjar ta tabbata, na tona mutumin da ba na son a tona. Sai na zaɓi hanya ta uku, wadda a lokacin na ga kamar adalci ce. Ranar Talata na yanko 'yar farar takarda, na rufe ludayin a takardun Jamilu biyu, na ɗauki kwafi. Ya fito fes, kusurwar ba komai. Na buga hatimi, na sa hannu cewa daidai yake da asalinsa. Na ce yanzu sai a gwada su biyun a kan cancanta, ba alama, ba raɗa.

Ranar Laraba lajna ta zauna, ni ke rubuta bayanin zama. Ina kallon Dakta Lawal ta gefen ido. Da ya ɗauki takardar farfesan, bai fara daga sama ba, kusurwar hagu ya duba. Ya juya bayanta. Ya ɗaga ta wajen hasken taga. Sannan ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Ustaza Rabi, kwafin nan cikakke ne?"

"Ga hatimina a kai, Likita."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa sauran biyun da Larabci ya san farfesan nan, kuma in har ya rubuta wa bare irin wannan yabo, to yaron ya kai. Ban gane abin da yake nufi da bare ba. Cikin minti goma suka zaɓi Jamilu. Aka ce ranar Lahadi mudir zai sa hannu a kwantiragi, a fara neman biza. Na tattara takarduna na fito. Na goge alamar, kuma mutuminsu ya ci. Na ce lalle ƙungiyar nan ta fi ƙarfin farar takarda.

Ranar Alhamis, dab da tashi, na tarar da ambulan a kan teburina, ƙamshin turaren Dakta Lawal a jiki. Katin gayyata ne zuwa Sha'abana, liyafar da muke yi a nan Hijaz kafin azumi ya kama, ranar Juma'a bayan La'asar, a wata istiraha da ke bayan gari, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya na wuni. A ƙasa an rubuta, 'Yan Tukunya, reshen Madina. Da biro kuma ya ƙara, "Ina da magana da ke."

Zuciyata ta rabu biyu. Wata zuciyar na cewa sun gano abin da na yi, za su ja min kunne a inda ba shaida. Ɗayar kuma, wadda ta fi surutu, ta riga ta zaɓi kalar labulen falon amarya. Na faɗa wa Gwaggo duka biyun, har da labulen, na ce ta raka ni. Ta ce za ta je don tuwon, ba don ni ba.

A bakin ƙofar istirahar ya tarbe mu, cikin farar shadda. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sannan ya juyo gare ni. Ya ce 'Yan Tukunya ƙungiya ce ta ɗalibai maza a jami'arsu, su kuma nan tsofaffinta ne da aiki ya kawo Madina, likitoci da injiniyoyi da malamai, suna haɗuwa duk wata biyu. Damuwarsu ita ce sababbin zuwa kan ɓace musu. Mutum zai sauka, ya yi wata shida bai san akwai 'yan'uwansa a garin ba.

"Ke kuwa kowane fayil ta hannunki yake bi," ya ce. "In kin ga ɗan jami'armu, ki ɗan sanar da ni, ko da ba ɗan ƙungiya ba ne. Mukan jawo shi jiki, mu lura da shi shekara guda, in ya yi mana mu shigar da shi. Maganar ke nan."

Maganar ke nan. Na ce masa bayanan fayil amana ne, amma zan duba. Gwaggo ta matse min hannu muna shiga ɓangaren mata, ta raɗa min, "Sai a mayar da labulen kanti."

Katanga ce tsakaninmu da maza, amma ƙofar da ake miƙa abinci a buɗe take. Ta nan na hango wata babbar tukunya a tsakiyar fili, maza kusan talatin sun kewaye ta, kowa da ludayin katako, suna buga gefenta suna wata waƙa ta 'yan makaranta. Sababbin zuwa uku aka zaunar a kan darduma. Wani dattijo mai farin gemu ya durƙusa ya zuba musu miya da hannunsa, sannan aka ba kowannensu ludayi. Na zura ido ina jiran in ga abin tsoro. Abin da na gani shi ne manyan mutane suna gardama a kan wanda ya taɓa ƙona wake shekara talatin da suka wuce.

Matar dattijon ce ke shugabantar ɓangarenmu, Hajiya Turai, mace mai faɗi da dariya. Ta cika min faranti da tuwon shinkafa, ta zauna kusa da ni. Na ga dama ta samu.

"Hajiya, wai mene ne labarin ludayin nan?"

"Yunwa ce, 'yata. Su bakwai suka fara a ɗaki ɗaya, ba mai iya ciyar da kansa, sai suka haɗa tukunya. Shi ke nan abin ya bi baya, har yau yara na shiga. Dokarsu ɗaya ce, ba a hana ɗan tukunya. Ko abinci, ko wurin kwana, ko takardar neman aiki. In ya roƙa, dole ka rubuta masa, kuma ba ka rubuta aibinsa."

"To in mutumin banza ne fa?"

Ta yi dariya, ta ɗauki ludayin da ke cikin kular miya, ta ɗebo. "Kin ga wannan? Ya riƙe miya." Ta juye, ta kifa shi. "Wannan fa? Ko ɗigo ba zai riƙe ba. Haka suke yi a gindin takarda. In bakinsa na sama, an tsaya masa. In a kife yake, to yabon da ke sama na dole ne, ɗan'uwa ya yi hattara. Alhaji sau biyu ya taɓa kifawa, kuma duk sai da ya kwana uku ba ya cin abincin kirki."

Na ture farantin gefe. Na tambaye ta in babu ludayin gaba ɗaya fa. Ta ce ai wannan bare ne, kuma bare ba dole a rubuta masa, don haka duk abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne. Nan na gane abin da Dakta Lawal ya karanta a kwafina. Mutum biyu sun yi masa gargaɗi, ni kuma na shafe gargaɗin, na bar masa yabon, na buga hatimi a kai.

Ranar Asabar ban fita ba. Hanya biyu ce a gabana. In na yi shiru, ba mai buɗe durowata, Jamilu zai zo ya tsaya a kan maganin yara, ni kuma in ci gaba da zama a kujerata. In na yi magana, na amsa da bakina cewa na sa hannu a kan ƙarya, kuma a dokar aikinmu wannan ya isa kora. Na yi ta neman hanya ta uku kamar wancan karon. Gwaggo ta ce hanya ta uku ce ta kawo ni nan.

Ranar Lahadi ƙarfe bakwai da rabi, kafin mudir ya iso, na ɗauki asalin takardun na shiga ofishin Dakta Lawal. Na ajiye su a gabansa kusa da kwafin. Ya dubi kusurwa, ya dubi ɗayar, fuskarsa ta canja. Na faɗa masa abin da na yi da dalilina, ban rage komai ba. Ya ɗauki waya ya kira farfesan, ya sa a lasifika. Bayan gaisuwa mai tsawo, farfesan ya ce yaron yana da ƙwaƙwalwa, amma yakan bar wurin aiki ya sa na ƙasa da shi su sa masa hannu, kuma an taɓa kama kuskure a ma'aunin maganin wani jariri kafin a ba shi. Ya ƙara da cewa, "Ai na kifa maka, Lawal. Ba ka gani ba?"

Da Dakta Lawal ya ajiye wayar ya ce, "Kin san abin da kika kusa jawowa, Ustaza?"

"Na sani, Likita. Shi ya kawo ni. Amma ina da tambaya. Asibitin da ba shi da ɗan tukunya a lajnarsa fa? Su wa zai gaya musu an kifa?"

Ya cire gilashinsa. Ya ce ƙungiyar ta riƙe marayu, ta yi jinyar 'yan'uwa, ta binne waɗanda suka rasu a nan ba dangi. Na ce ban musa ba, na ci tuwonsu, na ga yadda suke. Amma takardar nan da sunan asibiti aka aiko ta, ba da sunan tukunya ba, kuma mutum ɗaya ne cikin uku ke iya karanta ta. Ya roƙe ni mu gyara abin tsakaninmu, ya ce zai sake kiran lajna ya ce ya samu sabon bayani, ba sai sunana ya fito ba, ba sai na ƙungiya ya fito ba. Muryar nan tasa mai sanyi ce, wadda na yi shekaru ina sauraro. Na tsaya ina kallon ludayin azurfa a kan teburinsa, ina tambayar kaina wa yake karewa, ni ko su. Har yau ban san amsar ba. Na tattara takardun na ce ina jiransa a ƙofar mudir.

Ya zo, wannan kam dole in yaba masa. Mudir ya saurare mu, ya sa aka yi masa bayanin ludayin sau biyu, don ya kasa gane yadda kayan girki ya shigo harkar ɗaukar ma'aikata. Aka dakatar da kwantiragin. Ni aka ba ni inzari, wato gargaɗi a rubuce da ke zama a fayil ɗin ma'aikaci, aka kuma ɗage ƙarin girmana shekara guda. Mudir ya ce da wani ne ya gano ba ni na kawo kaina ba, da ranar zan miƙa mukullan durowa. Dakta Lawal ya sauka daga shugabancin lajna. Bayan sallah aka ɗauki Suwaiba, ita ce wadda kuke gani yanzu tana ƙirga ɗigon magani sau biyu ko da layi ya kai ƙofa. Tun daga lokacin aka kafa dokar da kuke bi: asalin takarda ake kai wa lajna, kuma sai an kira duk wanda ya rubuta shaida a waya, a tambaye shi ko zai yarda wannan mutum ya haɗa wa ɗansa magani.

Jamilu kuwa ba wanda ya ji ta bakinsa. Wasiƙar ba da haƙuri na tura masa, layi uku. Wani lokaci nakan ce mai yiwuwa duk abin da aka faɗa gaskiya ne, wani lokaci kuma in ce wa ya sani ko saɓani ne ya sa aka kifa masa, tunda shi ma bai san an kifa ba. Daga baya na ji ya samu aiki a wani gari, kuma ina zaton da takardun nan biyu ya samu.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, takardar shaida mutum ne ya rubuta ta, kuma kowane mutum yana da waɗanda ba ya iya ce wa a'a. Ku yi zargi, aikinmu ke nan. Amma in kun ga abin da ba ku gane ba, ku ɗauke shi yadda yake ku kai gaban wanda ya kamata, kada ku gyara shi a ɓoye don kuna ganin kun fi kowa adalci. Ni na zargi alama, ashe alamar ce kaɗai ke faɗin gaskiya a takardar.

Dakta Lawal har yanzu yana gaishe ni, sai dai ba ya tsayawa a ƙofa. Sunan sababbin zuwa kuwa ban taɓa ba shi ko ɗaya ba. A farkon azumin shekarar Hajiya Turai ta aiko min da kular kunun gyaɗa, da ludayin katako sabo a ɗaure a jikinta, ba wasiƙa, ba saƙo. Na juya shi, na duba ciki da baya, ban gane ko tsaya min aka yi ko kifa ni aka yi ba. Yana nan a durowar da nake kulle asalin takardu. A kan gefensa na kwantar da shi.